Fuskar Mai Barkwanci Da Kayan Da Ake Sayar Mana

A ranar 22 ga Afrilu, 2013, hukumar sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, ta buɗe wata ƙofa da masu wayar hannu suka daɗe suna jira. Daga ranar, mutum yana iya barin kamfanin layin da yake kai ya koma wani ba tare da ya rasa lambarsa ba, da sharaɗin, a wancan lokacin, idan ya koma sai ya yi kwana 90 kafin ya sake ƙaura. Kafin wannan lokaci, wanda layi ya ishe shi da katsewar kira ko cinye kati sai dai ya haƙura, ko ya sayi sabon sim ya bi dangi da abokan ciniki ɗaya bayan ɗaya yana raba sabuwar lamba. Shi ya sa a shekarun can za ka ga ɗan kasuwa da waya biyu ko uku a aljihu.

Sabon tsarin yana da ɗan wuyar bayani ga wanda bai saba ba. An rubuta shi a jaridu, an yi hira da jami'ai a rediyo, amma abin da ya shigar da shi kunnen jama'a wani ɗan gajeren talla ne na talabijin. An nuna wani mutum a tsaye a kan dandamali cikin duhu-duhu, ya juya wa masu kallo baya, kayan jikinsa suna ɗaukar ido da launin kore, launin da kowa ya san na kamfanin Etisalat ne. Sai haske ya sauya, kayan suka koma ruwan ɗorawa irin na MTN, mutumin ya juyo yana rawa yana shelar cewa ya ƙaura. Da aka ga fuskar sai ƙasa ta ɗauka, domin Saka ne, mai barkwancin da aka saba gani a tallace-tallacen Etisalat. Ba a ambaci sunan kamfanin da aka baro ba ko sau ɗaya. Babu bukata. Yaro da babba sun gane saƙon, kuma kalmar ƙaurar ta shiga bakin mutane har 'yan siyasa masu sauya jam'iyya aka riƙa jifa da ita.

Abin da ya kamata a tsaya a duba shi ne, me ya sa juyowar mutum ɗaya ta yi abin da shafukan jarida suka kasa?

Sunan Saka na gaskiya Hafiz Oyetoro, mutumin yankin Iseyin ne a jihar Oyo, kuma lokacin da aka yi wannan talla yana dab da cika shekara 50. Da yawa daga cikin masu dariyarsa sun ɗauka wani talaka ne aka tsinto a tasha saboda fuskarsa ta dace da shirme. Alhali mutumin ya karanci fasahar wasan kwaikwayo a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ya yi digiri na biyu a Jami'ar Ibadan, kuma a lokacin malami ne mai koyar da wasan kwaikwayo a Kwalejin Ilimi ta Adeniran Ogunsanya a Legas. Ya fito a wasannin talabijin, ya fito a fim ɗin Kunle Afolayan mai suna Phone Swap a 2012, amma tushensa dandamali ne, inda ɗan wasa yake tsayawa gaban mutane masu rai, su gan shi ya gan su. Hatta dabarar da aka yi a tallan, ta sauya launin tufa da hasken fitila, dabara ce ta gidan wasa.

Wanda bai taɓa tsayawa a kan dandamali ba zai yi wuya ya san abin da wurin yake koya wa mutum. A gaban kyamara, idan ka yi kuskure darakta zai ce a sake, a sake ɗin har sau goma, sannan mai tace hoto ya zaɓi wanda ya fi kyau. A zauren wasa babu a sake. Ka jefa maganar da kake zaton za ta kashe mutane da dariya, zaure ya yi tsit, ka ji tarin wani tsoho daga can baya, kuma dole ka ci gaba da wasa da wannan kunyar a wuyanka. Gobe ka dawo ka sauya wurin da ka ja numfashi, ka jinkirta kalmar ƙarshe da ɗan kaɗan, sai ga zaure ya barke. Maganar ba ta sauya ba, lokacin faɗinta ne ya sauya. Daga nan kuma sai wani darasin: idan dariya ta tashi, yaushe za ka ci gaba? Ka yi sauri, ka danne dariyar da bakinka, mutane su haɗiye ta don kada magana ta wuce su. Ka yi jinkiri, ta huce, ka koma hura wuta daga farko. Babu littafin da yake koyar da wannan. Masu kallo ne suke koyar da shi, dare bayan dare, kuma ba sa yi wa kowa alfarma. Ga shi kuma na layin baya ya biya kuɗinsa kamar na gaba, saboda haka ɗaga gira da karkata kafaɗa da yadda ka ajiye ƙafa duk sai sun yi magana har su isa gare shi.

To, mai talla yana da daƙiƙa 30 ko 45, kowace daƙiƙa kuma kuɗi ce. Ba shi da sararin gabatar da mutum, ya faɗi halinsa, ya sa a so shi. Yana neman wanda da zarar ya juyo an riga an san shi, an riga an fara murmushi. Abin da kamfani yake biya ke nan. Talla guga ne kawai. Rijiyar an haƙa ta tun shekaru da dama a zaurukan da ba su cika ba, gaban 'yan kallon da ba su yi dariya ba.

Ba a Nijeriya kaɗai abin yake haka ba. Babu gidan kallo a ƙasar Hausa da ba a san Mista Bin ba, mutumin nan mai ƙaramar mota da 'yar tsanar beyar, wanda ba ya cika magana amma yara suke birgima don dariya. Mai fitowa a matsayinsa, Rowan Atkinson, injiniyan lantarki ne ta fuskar karatu: ya yi digiri a Newcastle, ya yi na biyu a Oxford, kuma a can ya riƙa hawa dandamali tare da ɗalibai 'yan'uwansa, har suka kai wasansu bikin wasanni na Edinburgh a 1976. Shirin Mista Bin bai fara fita a talabijin ba sai ranar 1 ga Janairu, 1990, kuma gaba ɗayansa kashi 15 ne kacal, duk da cewa mai kallo zai rantse sun fi ɗari saboda yawan maimaitawa. Amma kafin a kai shi talabijin, Atkinson ya gwada shi gaban mutane. A 1987 ya je bikin barkwanci na Montreal a Kanada, ya nemi a sa shi a jerin masu wasa gaban 'yan kallo masu jin Faransanci, ba masu jin Turanci ba, don ya tabbatar ko jiki da fuska kaɗai za su iya ɗaukar wasan. Suka ɗauka. Wannan gwajin ne ya sa yau tsohuwar da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci take gane duk abin da Mista Bin yake ƙullawa.

A shekarun 1990 wani kamfanin katin banki na Ingila, Barclaycard, ya ɗauke shi talla. Yadda aka tsara tallan abin nazari ne. Ba a sa shi ya riƙe kati yana yabonsa ba. An ba shi matsayin wani jami'in leƙen asiri mai ji da kansa, wanda yake raina katin, yana ganin shi ya fi ƙarfin irin wannan abu, yayin da mataimakinsa mai sanyin hali yake ɗauke da katin a aljihu. Kowane talla yana ƙarewa da maigidan ya jawo wa kansa asara, yaron kuma ya tsira. Ka ga an bar mai kallo yana jin ya fi wannan jami'i wayo, kuma hanyar tabbatar da wayon ita ce ya mallaki katin. Mai barkwanci ya zubar da girmansa don mai kallo ya ji nasa ya ƙaru, kamfani kuma ya kwashi riba a tsakani. Wannan jami'in na talla shi ne daga baya aka faɗaɗa aka yi fim ɗin Johnny English da shi a 2003, wanda ya tara sama da dala miliyan 150.

Abin da ya fi burge ni game da Atkinson shi ne abin da ya yi bayan ya samu duk wannan. Mutumin da ba ya bukatar ko sisin kowa ya koma dandamali. A 2009 ya fito a matsayin Fagin, tsohon da yake koya wa yaran titi yankan aljihu, a wasan Oliver! a gidan wasa na Drury Lane da ke Landan. A farkon 2013, watannin da Saka yake shirin juyowa gaban 'yan Nijeriya, shi yana gidan wasa na Wyndham's yana fitowa a Quartermaine's Terms na Simon Gray, a matsayin wani malamin makaranta mai kaɗaici wanda duniya take wucewa ta bar shi a kujerarsa. Wasa ne mai ban tausayi fiye da ban dariya. A irin waɗannan gidaje ana yin wasa kusan kullum, mako bayan mako, kuma kuɗin bai kama ƙafar na fim ko na talla ba. Ina ganin ya koma ne domin ya san inda ƙwarewarsa take samun ruwa.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga sayar da kaya da dariya. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar ƙauye ya ga yadda mai magani yake tara jama'a. Ba ya fara da buɗe jaka. Sai ya yi ta zuba zance, ya kwaikwayi tafiyar mai ciwon baya, ya kwaikwayi maigidan da basir ya hana zama, mutane su kewaye shi suna dariya, sannan a hankali ya zaro ƙullin garin magani. Kirarin da ake yi wa magori, mai wasa kansa da kansa, daga nan ya samo asali. Gardawa masu wasa da kura su ma da wasan suke tara taron da za su sayar wa laya da magani. Ga 'yan kama, waɗanda suke shigar malamai suna wa'azi a kan tuwo da miya, ga 'yan gambara, ga yaran tashe da suke fitowa bayan azumi ya kai goma suna kwaikwayon halayen manya ƙofa ƙofa. Duk waɗannan gaban mutane suka koyi sana'arsu, kuma wanda bai iya ba a take yake gani, don taron watsewa yake yi. Da rediyo da talabijin suka zo, daga irin wannan ƙasa aka samu su Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, wanda ya yi aikin soja na gaske kafin ya mayar da rayuwar bariki abin dariya a Kaduna, da Ƙasimu Yero, da Karkuzu a Jos, har zuwa Rabilu Musa Ibro, wanda ya yi aikin gandiroba kafin fim ya ɗauke shi. Kowannensu ya zauna cikin mutane ya ga halinsu kafin ya kwaikwaye su.

Sai dai akwai bambanci babba tsakanin magorin kasuwa da mai barkwancin talabijin. Magori kayansa yake sayarwa, kuma mako mai zuwa zai dawo wannan kasuwar. Idan maganinsa ya ɓata wa wani ciki, an san inuwar da yake shimfiɗa tabarma. Mai barkwancin talla kuwa kayan wani yake ɗauka, sau da yawa bai taɓa amfani da su ba, bai san inda aka yi su ba, kuma wanda zai saya yana can wani gari da ba zai taɓa zuwa ba. Abin da ya haɗa su biyun kawai shi ne yarda. Mutum yakan ɗaure fuska idan ya ga talla, don ya san aljihunsa ake nema. Amma idan wanda ya saba sa shi dariya ne ya fito, sai ya saki jiki. Tauraro mai kyau da tsadaddun kaya yana sa ka sha'awa, wataƙila da ɗan ƙyashi. Mai barkwanci kuwa kullum a ƙasa da kai yake ajiye kansa: shi ne wanda ake kora daga gidan haya, shi ne wanda matarsa take fi wayo, shi ne mai cin bashin mai shayi. Ba ka tsoronsa, ba ka zarginsa, kana ganinsa kamar maƙwabci. Kamfanoni sun san darajar wannan sakin jikin sarai, sun kuma san nawa za su biya a kansa.

Abin takaici shi ne sun fi mu sanin darajar. Mu da muke shan dariyar kyauta, mu ne muke kiran mai yin ta ɗan iska ko marar aikin yi, mu ne muke jan ƙafa idan ya zo neman aure. Mun sha ganin tsofaffin 'yan wasan da suka raya mana dare shekara da shekaru sun tsufa cikin rashi, sai an yi shela a rediyo ko a intanet kafin a haɗa musu kuɗin asibiti. A ƙasar Yarbawa ma haka ta faru da Moses Olaiya, Baba Sala, wanda ya yi yawo da ƙungiyar wasansa gari gari kafin ya shiga talabijin: ya ci bashi ya yi fim ɗin Orun Mooru a 1982, masu satar fasaha suka kwafe shi suka baza a kasuwa, ya daɗe yana fama da bashin. Saboda haka ni ba na cikin masu ganin laifin ɗan wasa idan ya karɓi aikin talla. Halak ɗinsa ne. Sau da yawa wannan minti ɗayan ne yake biyan abin da shekara ashirin na dandamali ba su biya ba, ya gina gida, ya kai yara makaranta. Da Saka ya sauya kamfani wasu sun ce ya yi butulci, amma ni ban ga butulci ba ga ma'aikacin da ya je inda aka fi sanin ƙimarsa. Layin waya ya tallata, abin da kowa yake iya gwadawa da kansa, idan bai gamsu ba ya ƙara gaba.

Inda damuwata take shi ne abin da ake ɗora wa masu barkwancin yau. Zamani ya sauya, waya ta zama gidan wasa. Yaro mai basira yana iya tara mabiya dubu ɗari a Facebook ko TikTok cikin 'yan watanni, bai taɓa tsayawa gaban mutum hamsin ba, bai taɓa jin ɗacin zaure ya yi masa shiru ba. Ba laifinsa ba ne, kuma wasunsu suna da baiwa ta gaske. Amma yardar da na da suka tara a hankali, shi ta zo masa a dare ɗaya, kafin ya san nauyinta. Sai ga masu kaya sun yi layi a akwatin saƙonsa: mai cacar ƙwallo, mai manhajar ba da bashi da ruwa mai kisa, mai maganin da aka ce yana warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa duk a kwalba ɗaya, mai harkar zuba kuɗi da ya yi alkawarin ninka maka dukiya cikin wata guda. Mun ga yadda MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, mun ga yadda CBEX ta ruguje a Afrilun 2025 da kuɗin bayin Allah a ciki. Irin waɗannan harkoki ba sa tafiya sai da wanda zai tsaya musu shaida, kuma babu shaidar da ta fi saurin shiga zuciya kamar ta fuskar da aka saba yi wa murmushi. Ranar da abin ya fashe, masu shi sun ɓace, ba a ma taɓa ganin fuskarsu ba. Wanda bazawarar da ta sayar da akuyarta za ta tuna shi ne yaron da ya sa ta dariya ya ce ta zuba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Doka tana nan. Tun 2022 hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, wadda a da ake kira APCON, ta koma ARCON da ƙarin iko, kuma ƙa'ida ita ce a tantance talla kafin a sake shi, har da na intanet. Magani da abinci na kwalba ko na leda suna bukatar rajistar NAFDAC. Mai karɓar kuɗin jama'a da sunan zuba jari yana bukatar rajistar hukumar SEC. Amma hukuma ba za ta iya bin kowace waya ba, kuma kafin takarda ta iso, bidiyon ya riga ya zaga gari.

Don haka kirana ga ƙannenmu masu wannan sana'a ne, maza da mata. Idan an kawo muku talla, ku karɓa, ku kuma faɗi farashin da ya dace da ku ba tare da jin kunya ba. Amma kafin ku kunna kyamara, ku nemi lambar NAFDAC ku duba ta da kanku, ku nemi shaidar rajistar kamfanin, ku tambayi inda ofishinsa yake ku je ku gani da idonku. Abin da ba za ku ba mahaifiyarku ta sha ba, ko ku bar yayanku ya zuba kuɗinsa a ciki ba, kada ku ce wa uwar wani ta saya. Sannan ku nemi dandamali ku hau, ko na makarantar sakandaren unguwarku ne, ko filin wasa na Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko gidan wasan nan na ginin ƙasa da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Ku tsaya gaban mutanen da za ku iya kallon idonsu, don ku san su wane ne suke ba ku yardar da masu kaya suke zuwa saye a hannunku.